Randar Baba

Shekarar da babbar hanyar ruwa ta ɓalle ta cinye shinkafarmu da rabin unguwa, a ajin firamare muka tare. Kowa ya ɗauko katifa, ni randar Baba na rungumo. Yana da ciwon suga, allurarsa ba ta son zafi, mu kuwa wutar lantarki sai dai labari. Sai in ƙulle kwalaben a leda in nutsa su cikin ruwan randa. Daga ni sai Yaya muka sani. Baba malami ne, a ganinsa abin kunya ne a ji mai ba mutane rubutu allura ce ke riƙe da shi.

Ana haka amai da gudawa suka ɓarke. Asibitin da muke karɓar allura aka mayar na masu kwalara, aka ce mai suga da mai hawan jini su dakata tukuna, sai ka ce ciwon zai ji sanarwa ya tafi hutu. Hanyar Kano ta yanke. Kwalba biyu suka rage mana.

Ranar Laraba masu agaji suka iso, har da mai ɗaukar hoto. Yaya ya samu rigar kwamiti mai ƙyalli, yana ta hura hanci kamar shi ya sayi motarsu. Umarnin shi ne a fasa tsofaffin randuna, wai su ke yaɗa kwalara, a raba bokitin roba mai murfi.

Na tsaya gaban tamu. "Yaya, ka fa san abin da ke ciki."

Ya dubi baƙin, ya dubi magidantan da ke ɗaukar karatu wurin Baba. "Ke, matsa. Ruwa ne kawai."

Baba na zaune a tabarma, kalma ɗaya ta ishe shi. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni ma, duk da tsiwar da aka san ni da ita, na matsa. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Taɓaryar da aka fasa randar da ita ta bi ta kan ledar kwalaben. Mai hoto ya miƙo min bokiti, wai in ɗan yi murmushi.

Kwana shida Baba ya yi yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana ramewa a idona. Ranar sadakar uku ina jin maza ta taga suna cewa Malam ko ciwon kai bai taɓa yi ba, lafiyarsa lau Allah ya karɓi abinsa. Yaya ya ce, "Wallahi kuwa."