Awon Mutum Ɗaya

A layinsu kowa Mai Guga yake ce mata, har yaran da aka haifa a gabanta ba su san tana da wani suna ba. Ɗaki biyu gare ta da ɗan tsakar gida, igiyoyin shanya, tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ta tokare da guntun bulo, sai dutsen guga na gawayi wanda ya girmi rabin masu kawo mata kaya. Mace ce mai hannu. Famfo ya fara ɗiga, ita ce da roba da waya. Lagwanin risho ya cinye, ita ce. Ƙofa ta soma kuka, ita ce da ɗan mai a murfin kwalba. Ba ta taɓa kiran wani ya gyara mata abu ba, kuma idonta ba ya iya kallon mutum yana aiki a karkace. Kana cikin neman kafar allura za ta fizge, ta ce, "Kawo nan, kana ɓata min lokaci." Wallahi ba hali ne mai daɗin zama ba, amma kaya suna fita tas daga hannunta, shi ya sa ake haƙuri da bakinta.

Ta taɓa aure, bai yi nisa ba, ta dawo gida. Iyayensu sun riga sun rasu, ya rage a gidan daga ita sai ƙanenta, Auta. Zazzaɓi ya kama Auta yana ƙarami, ya tashi, jikinsa ya ci gaba da girma, kansa kuwa ya tsaya a wani wuri. Yanzu har furfura ta fito masa a gemu. Shi ke ɗaukar gogaggun kaya a ka ya raba gida-gida, kuma bai taɓa kai rigar wani gidan wani ba. Ban da wannan, komai yi masa ake yi. Ita ke zuba masa abinci, ita ke wanke masa riga, ita ke kulle ƙofa.

Da rama ta yi mata yawa, ciki ya ƙi karɓar abinci, ta je asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ce ta dawo. Likitan ya yi dogon bayani yana sassauta murya, ta ji duk abin da ya faɗa, ta kuma gane ciwon ba na tashi ba ne. Amma idonta yana kan wuyan rigarsa, don wanda ya goge masa ita sam bai iya ba. Ta dawo gida ta hura gawayi, ta ƙarasa zannuwan gadon da ta bari. Ta jira kuka ya zo. Bai zo ba, sai ta ninke kayan.

Babban Yayansu, wanda ke zaune a wani gari da iyalinsa, ya zo da ta kira shi a waya. Ya zauna a kan kujerar roba ya ji bayani, sannan ya ce, "To, Auta sai ya dawo wajena."

Ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Sai dai Auta ya taɓa zama a gidansa lokacin aurenta. Gida ne mai baƙi da kayan fashewa, sai aka ba shi ɗaki a can baya, a kai masa abinci, a ja ƙofa. Da ya dawo ya yi watanni bai ce uffan ba, zaune kawai yana kallon bango. Ita ta sha wahalar dawo da maganarsa, kalma bayan kalma.

"A nan zai zauna," ta ce.

"Shi kaɗai? Haba! Mutumin da ko ashana bai iya ƙyastawa ba?"

"Zai iya."

Babban Yaya ya shafa kansa. "Zan dawo in gani da idona. In ya dafa, ya ci, ya kashe wuta, ya kulle ƙofa, na bar shi, maƙwabta su riƙa leƙa shi. In ba haka ba, sai dai ki yi haƙuri."

Da ashana aka fara. Auta yana tsoron wuta, da ta kama sai ya yar ya ja da baya. Kwali guda ya ƙare a ƙasa. Hannunta ya yi ta miƙewa da kansa zai karɓa, har dai ta zauna a kan tafukanta biyu, ta danne su da nauyin jikinta. A haka matar tela, maƙwabciyarsu, ta shigo aron tsintsiya ta same su.

"Ikon Allah! Mai Guga, yau kuma ke ce a zaune kamar amarya, bawan Allah yana ta fama? Me ya yi miki?"

"Ga tsintsiyar can," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

Maganar ta zaga layi, wai Mai Guga ta tsufa ta koma mugunta, ta mai da marayan Allah bawa. Ta ji, bai taɓa ta ba. Kwanakin nan ba abin da ke taɓa ta. Ta ci gaba. Wutar risho in ta yi ja, lagwani ya yi tsawo, a rage. Ba a zuba kananzir wuta na ci. Jiƙaƙƙen hannu ba ya taɓa soket. Farin kaya daban, mai zuba daban. Maɓalli in ya faɗi, a ɗinke shi a ranar, in an bari gobe ya ɓata. Makulli a ɗaure da igiya a wuya, ba a aljihu ba. Shinkafa gwangwani biyu, a wanke har ruwan ya yi fari tas, a zuba ruwa ya wuce kanta da gaɓar yatsa guda. Abin da ta yi shekaru tana yi ba tare da tunani ba, yanzu sai ta warware shi zare-zare, ta faɗa, ta sake faɗa, gobe a wayi gari kamar ba a taɓa yi ba.

Amma a hankali ya kama. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne sauke tukunya. Daidai lokacin da ruwa ya tsotse, sai ka ga Auta ya ɗauki tsumma ya sauke, bai taɓa kuskurewa ba. Ta ce a ranta, to, wannan kam an gama.

Wata rana da azahar tukunya na kan wuta, amai ya taso mata, ta zaga bayan gida. Ta daɗe a can. Ƙauri ne ya fito da ita. Ta tarar da hayaƙi ya cika tsakar gida, Auta yana tsaye da tsumma a hannu, ba tukunyar yake kallo ba, hanyar da ta bi yake kallo.

"Kai Auta! Hancinka ya toshe ne? Me kake jira?"

"Yaya, ba ki yi tari ba."

"Wane tari?"

Ya yi ɗan gyaran murya, ya kwaikwaye ta sak. Ashe duk lokacin da ta ga ruwa ya tsotse, bakinta a rufe, hannuwanta a danne, maƙogwaronta ne ke yi mata aikin ba ta sani ba. Ta tuna wutar risho, ta tuna ɗaurayar kaya, ta tuna kwaɗon ƙofa. Ko'ina akwai wannan ɗan tarin. Watau duk wahalar nan ba tukunya ya koya ba, ita ya koya. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon baƙin gindin tukunyar. Ya kamata ranta ya ɓaci, ko ta tsorata. Abin da kawai ya zo mata shi ne yadda za a kankare ƙanzon.

Daga ranar, da ya ɗora tukunya sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ta kwanta ta juya wa bango fuska. Tana jin ƙauri yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta yi shiru. Sun ci ƙonanniya, sun ci ɗanya, sun ci wadda ta caɓe. Gindin tukunya ya sha kankara har ya soma sirancewa. Matar tela ta leƙo ta katanga ta ce in gobara suke nema su faɗa tun da wuri mutane su kwashe kayansu. Bayan an sauke ne kawai Mai Guga take fitowa ta ce, "Me ka ji kafin ta ƙone?" Ya ce bai ji komai ba. Ta ce gobe ya saurara.

Sai ran nan ya turo ƙofa yana murna. "Yaya, tukunya tana magana. Da farko tana ɓul-ɓul-ɓul. In ta koma tsss, ta gaji ke nan."

"Haka ne," ta ce. "Je ka kashe wutar."

Lokacin da Babban Yaya ya dawo, ta riga ta daina guga, dutsen ya yi mata nauyi. Daga kan katifa ta saurari komai. Ashanar farko ta karye. Ta biyu ta kama. Ta ji Babban Yaya yana cewa, "Kai, a hankali, rage..."

"Babban Yaya," ta ɗaga murya iya ƙarfinta, "don Allah kar ka ce masa komai. Ko tari kar ka yi."

Aka yi tsit. Sai ƙarar ruwa, sai murfi, sai ɓul-ɓul ɗin. Da ya koma tsss ta riƙe numfashi. Ta ji gindin tukunya ya taɓa ƙasa, ta ji an hure wuta. Daga baya ƙarar cokali, sannan ƙarar kwaɗo, an kulle an buɗe, an sake kullewa.

Babban Yaya ya zo bakin ƙofarta ya tsaya, idanunsa sun yi ja. "Gishiri ya ɗan yi yawa," ya ce. "Shi ke nan. Na bar shi."

Ta ce ta gode. Abin da ta yi watanni tana nema ke nan, ga shi an miƙo mata, amma ba ta ji komai ba sai gajiya.

Saura abu guda, wanda ta yi ta ɗagawa. Ba ta taɓa gaya wa Auta abin da likita ya ce ba. Washegari da hantsi ta lallaɓa ta fito tana dafa bango, ta zauna a kan 'yar kujera kusa da risho. Auta ya buɗe buhu ya cika gwangwani ya juye a kwano.

"Tsaya nan," ta ce. "Yau guda ɗaya za ka auna. Ruwan ma ba irin na kullum ba ne, zan nuna maka."

"Na iya," ya ce.

"Ka iya me?"

"Na mutum ɗaya. Ƙaramar tukunya. Ruwa nan." Ya nuna mata gindin farcensa. Daidai ne, ko ita iyakar inda za ta nuna ke nan.

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa. Na gwada ranar da kika koma asibiti." Yana magana yana kallon buhun. "Kin daina ci, Yaya. Kullum ni ke kwashe naki. Na san za ki tafi."

Ƙirjinta, wanda ya yi watanni kamar an cika shi da auduga, ya soma zafi, zafi na gaske, har sai da ta kama gefen kujerar.

Auta ya sake tsoma gwangwanin a buhu, ya share bakin gwangwanin da yatsa, ya juye na biyu a kan na farko.

"Amma yau kina nan," ya ce, ya ɗauki kwanon ya nufi famfo.