Tulun Irin Iya Fanna

Wata ranar Laraba ce a ƙarshen bazara, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, muka taso daga Kelle za mu Gure, ni da kakata Iya Fanna, a bayan wata tsohuwar mota bashe da ta girme ni nesa ba kusa ba. Rana kamar ta sauko ƙasa, mata sai fifita suke da bakin mayafi. Ni kuwa ko a jikina, don Iya ta ɗora mini tulunta a cinya saboda hannunta ya fara rawa, sai hura hanci nake kamar an naɗa ni sarauta.

Irin gero ne a cikin tulun, wani mai saurin nuna da Iya ta gada wajen uwarta, wanda ko damina ta yi rowa ba ya barin gida da yunwa. Duk lokacin girbi takan zaɓi zangarnun da suka fi cika, mu jikoki mu murje su da hannu muna wasan ƴar ɓoye a bayan rumbu, ita kuma ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin tulun da laka. A shekarar nan fara ta cinye gonarta ƙarƙaf, tulun nan kaɗai ya rage, shi za a shuka a gonar Babana a Gure. Kuma Iya ba ta ambaton iri a kan hanya, ko da wasa. "Baki ya fi fara ɓarna," in ji ta.

Dab da shiga gari muka tarar da igiya a tsakanin ganguna biyu. Wani ɗan sanda ya karɓi permin tuƙi na direba da takardun mota, ya ce kowa ya sauko da kayansa. Da ya zo kanmu ya tambayi abin da ke cikin tulun, Iya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba kome, ɗana." Ya ɗaga ya ji nauyi. Ya ga kaye, littafin rubutuna, ya leƙo daga jakata, sai ya maimaita mini tambayar da Faransanci. Wallahi na san amsar, mushe, malamin ajinmu, ya koya mana. Amma na dubi idon Iya, na haɗiye maganata. Ko ya ce mu buɗe da kanmu bai yi ba, sai ya buga tulun a jikin ƙarfen mota. Gero da toka suka watse cikin rairayi. Ya tona da takalmi, ya taɓe baki, ya ce ashe gero ne kawai.

Direba ya shiga roƙonmu mu hau kafin mutumin ya sake shawara, awakin bakin hanya kuma sun riga sun taru. Abin da muka kwasa a mayafi bai cika ƙoƙo ba, shi ma rabinsa ƙasa. Baba ya shuka a ruwan farko, ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke, geron ya ƙone. Da can Iya takan ajiye rabin tulu saboda irin wannan rana, a sake shuka. A wannan karon babu abin sakewa. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Har ta rasu ba ta ƙara zaɓen zangarniya ba.

Yau ni malama ce. Na san mutum na iya tambayar dalilin tsayar da shi, ya tsaya a kan kayansa ya buɗe da hannunsa, ya kai ƙara in an yi masa ɓarna. Ina rubuta wa yara wannan a allo, su kwafa da kyau. To amma sani a kaye daban, bakin igiya daban. Watan jiya, a hanyar Gidigir, aka zazzage buhun wani tsoho a ƙasa a gabana, ya juyo yana dubana don ya ji ana ce mini malama. Na san duk abin da ya kamata in faɗa. Na sunkuyar da kai kamar yadda Iya ta yi, ita da ba ta taɓa shiga aji ba.