Duwatsu Uku Daga Gonar Kawu

Ƙanwata ta zo garin Tawa hutu wata bazara, bayan ta daɗe a Turai. Da yake ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, ni aka ɗora wa nauyin bayyana wa dangi sana'arta, alhali ni ma sai da ta maimaita mini sau uku.

Wata na'ura ita da abokan aikinta suke haɗawa da za a ɗora wa kumbo zuwa Zara, tauraruwar nan mai rakiyar wata. Ashe duniya ce kamar tamu, sai dai gajimare ya rufe ta ruf, zafinta kuma ya isa narkar da darma. Na'urar tana tsefe haske launi-launi kamar bakan gizo, domin kowane dutse da kowace iska da irin sawun da suke bari a cikin haske. Da haka ake son gane duwatsun can, da abin da ke cikin iskarta, da ko tsaunukanta na aman wuta har yanzu. Aikin ƙanwata shi ne gasa duwatsun duniyarmu a tanderu tana auna haskensu, don a samu abin kwatantawa.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce ashe duk karatun nan a bakin murhu ya ƙare.

Muka je Affala gaida kawu, yayan Inna. Gonarsa fako ce, tsakuwa ta fi ƙasa yawa, ruwa na sauka yake gudu ya bar ta. Ƙanwata ta tsinci jajayen duwatsu uku ta naɗe a takarda. Kawu ya tambaye ni dalili, ni kuwa da son nuna ilimi na ce na'urarta na duban dutse ta faɗi abin da ke cikinsa.

"Duk abin da ke ciki?" in ji kawu.

Na ce duk.

Ba a yi mako ba, wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko ni daga kasuwa ya tsegunta mini cewa an ga zinariya a Affala. Turawa ne suka hango ta daga sama, suka turo Bahaushiya don kar a gane. Na ce ni ne wanta, babu wannan magana. Ya yi dariya, ya ce ai dole in faɗi haka.

Mutane suka cika gonar da diga da shebur, har da waɗanda suka taɓa haƙar zinariya a arewa. Kawu ya shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, bai hana kowa ba. Sharaɗinsa ɗaya: duk dutsen da aka tono a jera shi a gicciye ta gangare. Hankalin ƙanwata ya tashi, ta kira shi a waya ta roƙe shi ya gaya musu gaskiya.

"Ɗiyata, na hwaɗa musu," ya ce. "Ko na rantse, cewa su kai ɓoyo ni kai. Mi za ni yi?"

Suka haƙa har suka gaji, suka watse suna zagin Turawa. Kawu ya bi ramukan ya zuba taki. Da damina ta faɗi, ruwa ya tsaya a ciki, ya shuka hatsi. A shekarar na fara ganin rumbunsa cike tun da na yi wayo. Har yau ban san ko ya taɓa yarda da zancen zinariyar ba, ban kuma tambaye shi ba.

Bayan ta koma, ƙanwata ta auna duwatsun ta aiko da sakamako: tama ce da yumɓu, ko kusa ba su yi kama da na tsaunin wuta ba, ba su da amfani ga aikinta. Kumbon kuwa har yanzu bai tashi ba.

Da na koma Affala bayan girbi, maƙwabcin gonar kawu ya ja ni gefe. Ya tambayi lafiyar ƙanwata da iyalina, sannan ya ce in ta zo baɗi, don Allah ta biyo ta tasa gonar ta ɗauki ko da dutse guda ne, amma a gaban mutane.