Kuɓewa a Kan Faifan Sola

Aikina wanke jiragen ruwa ne a Abhur, arewa da Jidda. Daga unguwar Sa'alaba nake tasowa kullum bayan asuba. Cikin jiragen da nake kula da su akwai wani tsoho mai shira'i, wato babban ƙyallen da iska ke turawa. Mai shi wani Alhaji ne ɗan unguwar Bagdadiyya. A nan aka haife shi, amma kakansa Bahaushe ne da ya ƙetaro daga Sawakin, can ɗaya gaɓar teku, don aikin hajji, bai koma ba. Burin Alhaji shi ne ya bi hanyar kakan nan da iska, ya ga gaɓar da ya taso.

Ciwon sukari ne ya tare masa hanya. Allurarsa sai da sanyi, tallajar jirgin kuma, wato firji, batura ke riƙe da ita, baturan kuwa sun tsufa. Da an kashe inji, kafin la'asar sun mutu. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce, ba ta wasa da wannan.

"Baba," in ji ta, "in tallajar nan ba ta kwana da sanyi inji a kashe ba, halas, babu inda za ka."

Sai aka kira wani mu'allimin lantarki, wato gwanin aikin wuta, ɗan Yaman. Ya fitar da tsofaffin baturan, ni na ɗauke su zuwa tudu. Ya sa sababbi, ya canza dinamon inji da babba, ya ja wayoyi masu kaurin yatsa. Daga ƙarshe ya ɗaura faifan sola baƙi a rufin ɗakin jirgin, ya kafa wata 'yar mita kusa da matakala. Lokacin ban daɗe da shiga ajin manya ba, ina koyon karatu da yamma, don haka duk abin da ke da rubutu sai na tsaya a kansa. Ya zare wayar da ke kawo wuta daga tudu, ya ce in duba. Na ga lamba tana hawa da kanta. Babu ƙarar inji, babu warin mai. Tun ina yaro gudun ranar Jidda nake yi, ban taɓa zaton tana da abin ba mutum ban da gumi ba.

Ranar gwaji muka fita mu huɗu: Alhaji, matarsa Hajiya, 'yar, da ni. Muka jefa anka bayan duwatsun murjani, aka kashe inji. Da hantsi komai lafiya. Bayan azahar na leƙa mita, sai na ga lamba tana sauka. Na sake karantawa a hankali, ko ni ne ban iya ba. Sauka take yi.

Alhaji ya zauna a matakala. 'Yar ta naɗe hannu tana kallonsa. Na kira mu'allim a waya.

"Akwai gajimare?" ya tambaya.

"Sararin nan wankakke ne tas."

"To hau sama ka gaya mini abin da faifan ke gani."

Na hau. Faifan ba ya ganin komai. An lulluɓe shi da farin mayafi, an baza yankakkiyar kuɓewa a kai, ga barkono a gefe an jera shi da kyau. Hajiya na zaune a inuwar shira'i tana fifita.

"Hajiya, wannan shanyar fa?"

"Guzuri ne mana. Wuri shimfiɗaɗɗe haka, rana na dukansa a banza, ba ƙura, ba kyanwa? Ko rufin gidanmu bai kai shi ba."

Alhaji ya leƙo da kai. Ya dubi kuɓewa, ya dubi matarsa, dariya ta kama shi har yana tari.

"Hajiya, ashe miya kika yi wa batir!"

"Kai kuma a tsakiyar teku me za ka ci? Lantarki?"

Muka kwashe shanyar muka mayar da ita gaban jirgi a kan tabarma. Na goge faifan da rigata, na sauka da sauri. Lamba ta tsaya, kamar tana tunani, sannan ta fara hawa. Na daɗe a tsugune a gabanta. Rana ɗaya ce ke busar da kuɓewa a can gaba, ita ce kuma ke bin waya ta shiga akwati ta zama sanyi. Na yi ta tasbihi ni kaɗai.

Sauran hasken yinin bai yi yawa ba, ba mu san ko zai isa ba. Muka kwana a jirgin. Da muka idar da sallar asuba, 'yar ta buɗe tallaja. Ta taɓa kwalbar allura da bayan hannu. Sannan ta ɗauko kofin ruwan da ta ajiye tun jiya, ta kifa shi a tafin ubanta. Ƙanƙara ta faɗo.

"Yalla, Baba," in ji ta. "Amma Umma ba za ta ƙara hawa rufi ba."

Alhaji ya juya ya fuskanci yamma, inda Sawakin take, sannan ya miƙo mini ƙanƙarar. Na riƙe ta tana narkewa tsakanin yatsuna, rana kuwa tana fitowa ta bayan Jidda.