Batirin Ranar Alhamis

Ni dai tun ina yaro ba na iya ganin abu yana aikinsa in ƙyale shi. Da na fara karatun lantarki a Kaura Namoda sai abin ya zame mini ciwo.

Babanmu yana da wata fitila 'yar China, mai ƙananan ƙwayaye farare, mai cin batir uku. Da ita yake duba Alƙur'ani bayan asuba. Duk Alhamis sai ya zura babbar riga, ya hau motar 'yan kasuwa daga ƙauyenmu na ƙasar Zurmi zuwa Shinkafi, wai sayen batir. Wurin mutum ɗaya yake saye, wani tsoho mai tebur, abokinsa tun kafin a ba mu jiha. Baba kuwa, gona yayyena sun karɓe masa, awon hatsi ma sun hana shi.

Abin yana ba ni haushi, a ce yini guda a hanya saboda batir uku. Wani hutu na kwance fitilar, na ɓalle gidan batirin, na yanke kan wata tsohuwar wayar cajin salula, na liƙa jar waya da baƙa da dalma, na sa 'yar rizista don kada ƙwayayen su ƙone. Na jona ta da fawa-bank, na ɗora ƙaramin faifan sola bisa ɗaki. Ta kawo haske tarwai. Har da bakina na cewa, "Baba, kai da wahalar kasuwa sai labari."

"Allah shi yi albarka," ya ce.

Duk karatuna ban gane cewa dattijo irinsa ba ya shiga kasuwa ba saye ba sayarwa, a ce ya zo zaman banza. Batirin nan ne hujjar da ta rage masa. Ya daina fita.

Bayan wata biyu abokin ya rasu, labari bai iso mana ba sai bayan sadakar uku. Ni na kai Baba gaisuwa a kan babur. Ɗan mamacin ya ce duk Alhamis mahaifinsu sai ya shimfiɗa tabarma gefen tebur, ya hana kowa zama, har la'asar ta yi ya naɗe abarsa.

A hanyar komawa, wallahi so na yi ya zage ni. Na ce, "Baba, ni na jawo, ka yafe mini."

Sai da muka yi nisa ya ce, "Fitilar taka tana da haske, ba laihi. Sai dai ba ta mutuwa."