Muryar da Ta Kira Malam a Dajin Cadi

Jama'a, ni ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa, amma wallahi abin nan da kunnena na ji shi. Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, gari ya cika da hayaniyar jam'iyya, a lokacin ne maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ce mu tafi Makka ta ƙasa. Baduku ne a nan unguwar Sheshe cikin Kano, sai ya ɗinka jakar fata ƙatuwa mai igiya biyu, ya zuba garin gero da kilishi da tabarma da butata, ya goya ta a baya kamar jariri. Tun daga Ƙofar Nassarawa ake yi masa dariya, wai Malam ya haihu, shi kuwa ko a jikinsa.

Mota ta kai mu Maiduguri, muka shiga Cadi, to a lokacin ƙasar ba lafiya, sai madugunmu ya ce a bar titi a bi daji da ƙafa. Ƙafata ta kumbura, mun kwana a gindin itace, mun sha ruwan da ko akuyata ba zan ba ba.

Yanzu 'yan mata suna kiran miji da sunansa kamar ƙaninsu. Mu a zamaninmu ba a yi. Tun da aka kai ni ɗakin Malam ban taɓa furta sunansa na yanka ba, kuma kada mai rubutun nan ta sa rai, yau ma ba zan faɗa ba.

Wata rana da tsakar rana muka sauka ƙarƙashin wata tsamiya. Malam yana gefe tsaye, bai ko sauke goyonsa ba, ya ba mu baya. Ni ina zaune kusa da Goggo Delu, wata tsohuwa 'yar unguwar Kabara da muke tafiya tare, na cika bakina da kilishi. Sai muka ji mace daga cikin ciyawa tana kiran Malam da sunansa. Kuma muryata ce, jama'a, tawa sak, sai dai an sa mata zuma. Kowa ya juyo ya kalli bakina, ni kuma ina tauna.

Malam bai waiwayo ba, ya miƙe cikin ciyawa yana sauri. Madugu ya kira shi, sauran maza suka kira shi, kamar da dutse suke. Babu wanda ya iya binsa, sai salati suke yi. Na haɗiye kilishin nan ban gama taunawa ba, na ce, "Malam!" To ayarin nan kowane namiji Malam ne, duk suka amsa mini, ban da nawa. Na zo in ce baban wance, sai na tuna 'yar fari ce, ita ma ba na faɗar sunanta.

Goggo Delu ta dake ni a baya ta ce, "Ke 'yar nan, kunya za ki yi har a tafi da mijinki? Kira sunansa mana!"

Na tashi, na buɗe baki, Allah ne shaidata na yi niyya. Sunan ya zo maƙogwarona ya tsaya. Muryar can kuwa sai ƙara kira take yi, a hankali, har da ɗan ja. Ina ganin jakar nan tana nisa, tana shirin ɓacewa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai mai goyon nan! Ina za ka kai mini buta? Da me zan yi alwala?"

Cak ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juyo, ya dawo yana haɗa gumi. Muryar ta ƙara kira sau ɗaya ta yi shiru. Sai a lokacin maza suka je inda ya tsaya, sai ga tsohuwar rijiya ciyawa ta rufe bakinta, aka jefa dutse ba a ji saukarsa ba. Ba mutum, ba sawu, ba ƙauye a kusa. Ko azahar ba mu yi a wurin ba.

A hanya na tambaye shi yadda ya gane ni. Ya ce ai da ya ji ana masifa a kan buta ya san wannan ce tasa. Na ce to me ya kai shi tun farko, alhali ya san ba na kiran sunansa? Ya ce ya zaci maciji ne ya sare ni. Haka ya riƙa faɗa wa mutane har muka yi aikin hajji muka dawo Kano.

Sai a ciwonsa na ajali ya gaya mini gaskiya. Ya ce tun kira na farko ya san ba ni ba ce, amma so ya yi ya matsa kusa ya ji yadda sunan yake a bakina. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya rasu bai ji ba, kuma wannan kukan da nake yi yanzu, ku bar ni in yi abina.

Abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki shi ne, a ina abin nan ya ji ni ina faɗar sunan har ya kwaikwaya? A zuciyata kaɗai nake faɗarsa.

Masu tafiya, in kun ji an kira ku a daji, ko da muryar uwarku ce, kada ku ɗaga ƙafa sai kun ga fuska. In kuwa muryar ta cika daɗi, ku waiwaya ku duba, wataƙila taku tana baya tana cin kilishi.