Muryar Umaru a Sabon Inji

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, ku bar ganin ina faɗa duk lokacin da wani ya taɓa saitin kwamfuta. Har gobe ban manta da ranar da aka kawo Inna Hajo shagonmu na Tambuwal ba.

Zamanin faifan CD ne, wayar hannu ba ta kai ƙauyuka ba. Maigidanmu Alhaji Bello yana da kwamfutar tebur guda, ni ne mai kula da ita. Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Manhajar da ake kallon bidiyo da ita fuska ce kawai, a bayanta akwai injin da ke fitar da hoto da sauti. Muna da iri biyu. Tsohon yana fitar da murya daidai, amma hoto ya riƙa maƙewa, wani lokaci kwamfutar ta tsaya cik. Sabon kuwa hoto sumul, bai taɓa tsayawa ba. Masu kawo bidiyon biki suka dame mu da ƙorafi, sai muka koma sabon, ni da Alhaji duk muna murna. Ashe yana ɗan gaggauta sautin wasu faifan, murya ta sirance. A cikin kiɗan biki wa zai lura?

Ranar kasuwa, cikin damina, wani dattijo mai suna Malam Shehu ya ɗauko yayarsa Inna Hajo a babur tun daga Fakku, duk sun yi caɓa-caɓa da laka. Makauniya ce. Ɗanta Umaru ya daɗe yana aikin gini a Libiya, shiru babu labari, sai ga faifai ya aiko ta hannun wani da ya dawo.

Na ba ta kujera, na saka faifan. Saurayi ya bayyana yana murmushi yana gaishe da Innarsa. Malam Shehu ya ce, "Allahu Akbar, ga Umaru!"

Ita ko ta karkata kunne. Can ta ce, "Shehu, wanga ba ɗana na ba."

"Yaya, wallahi shi na, ga shi ni ka kallo."

"Kai ka kallo, ni ka saurare. Muryar Umaru kauri gare ta, irin ta ubanai. Wa kunka sa ya yi min magana? In ya rasu ku faɗa min, in yi haƙuri."

Na ce, "Inna, laifin na'ura ne, ki ba ni ɗan lokaci." Sai dai komawa tsohon injin ba latsa maɓalli ba ne. Sai an cire sabon, a ɗora wancan, a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Ina tsakiyar yi aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ga hadari ya haɗo, hanyarsu kuma ba ta biyuwa bayan ruwa. Ta miƙe ta ce, "Ɗana, bar wahal da kanka. Na ji abin da ni zo ji."

Washegari na gyara, murya ta fito da kaurinta. Na juye ta a kaset na aika Fakku. Malam Shehu ya ce ta ƙi saurara, wai wanda ya iya sirantar da murya zai iya kaurara ta. Har sadaka ta riƙa yi wa Umaru. Kafin kaka Allah ya yi mata rasuwa.

Da Umaru ya dawo, ya zo shagon. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Malam, saka min yadda ta ji shi." Na mayar da sabon injin na kunna. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido ya ce, "Ta yi gaskiya. Ko ni ban san wanga ba." Ni ma kuka na yi, ban ɓoye ba.

Abin da na koya ke nan: babu injin da ba ya gyara wani abu ya ɓata wani. Kafin ku sauya, ku gwada shi da muryar mutumin da kuka sani. Kuma duk wanda ya shigo da faifai, ku tambaye shi wa ke ciki.